Ranar da Hajiya Khadijatu Ta Sha Ruwa

Da hantsi wayar ta shigo ofishin 'yan sanda. An daɓa wa wani saurayi wuƙa a unguwar Misfala ta Makka, a bakin ƙofar gidan uwarsa.

Sufeto Abdulilah yana jin sunan lungun ya ajiye kofin shayinsa. Muƙaminsa na takarda Naƙib ne, amma Hausawan Makka ba ruwansu da wannan, Sufeto suke ce masa, shi ma har ya gaji da gyara musu. A lungun nan aka haife shi. Gidan da aka ambata kuwa ya ci tuwo a cikinsa ya fi a ƙirga.

Gidan Hajiya Khadijatu ne, uwar Luƙman, abokinsa na ƙuruciya. Luƙman direban bas ɗin alhazai ne, kuma yana kurkuku tun Hajjin da ya wuce. A Muzdalifa, cikin turmutsutsu, motarsa ta take wani direba mai suna Abdulganiyyu, wanda suka yi cacar baki da shi a ranar. Dangin mamacin suka ce da gangan ne, ƙisasi suke so. Ƙisasi kuwa a ƙasar nan takobi ne. Gobe ne alƙali zai karanta hukunci.

"Yalla, mu tafi, Yunus," in ji shi ga sajan ɗinsa.

Sun tarar an riga an kwashi wanda aka sara zuwa asibiti. Abdulwadud ne, ƙanin Luƙman. Jini ya malale a kan matakala, mata sun cika lungun suna salati. Wanda ya yi saran bai ma gudu ba. Yana zaune a jikin bango, maƙwabta sun zagaye shi. Hudaifa ne, ƙanin mamacin.

A ofis Sufeto ya ja kujera ya zauna a gabansa.

"Me Abdulwadud ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Ɗan'uwansa na so samu. An saye alƙali, za a sake shi."

"Wa ya ce za a sake shi? Ko zama ba a yi ba."

Hudaifa ya yi wata dariya mara daɗin ji. "Kai ɗan Misfala ne, ya Sufeto, kada ka raina mini hankali. Tsohuwar ta sha ruwa."

Nan take Sufeto ya gane tsohuwar da yake nufi.

Duk Misfala ta san zancen. Ranar da aka kama Luƙman, Hajiya Khadijatu ta yi bakance a gaban jama'a cewa ba za ta ƙara shan ruwa da rana ba sai alƙali ya wanke ɗanta. Tun ranar take azumi. Ga zafin Makka, ga ciwon suga, ga tsufa. Likita ya yi faɗa, maƙwabta sun yi roƙo, shi kansa Sufeto ya je ya durƙusa. Ina! Ko gezau.

"Wa ya gan ta?"

"Wa bai gan ta ba? Jiya da azahar, a bakin ƙofarta, da kofin Zamzam. Har tana murmushi. Matar da ta yi watanni ba ta haɗiyi yawu da daɗi ba! Kafin la'asar labari ya kai unguwarmu, Zahir. Uwata ta yini tana kuka."

Sufeto ya sa aka mayar da shi ɗakin tsarewa. Bai kai ga komawa kujerarsa ba aka ce alƙali yana nemansa.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro. Bai ce wa Sufeto ya zauna ba.

"Na rubuta hukuncin," in ji shi da Larabci. "Daftari ne, ban karanta shi a zama ba. Kafin a karanta, amana ne. Mutum uku na ba wa. Lauyoyin ɓangarori biyu, don su duba kuskuren suna ko na rana. Sai tafinta, don ya shirya Hausarsa, tunda uwar mamacin ba ta jin Larabci. Kowannensu ya rantse a gabana cewa ba zai faɗa ba, ba zai nuna ba, ba zai bar wani ya gane ba."

"Na'am, ya Shaikh."

"Yau ana cewa an saye ni, kuma an zubar da jini. Ka nemo mini ta inda ya fita. In ta wajen masu ƙara ne, hukuncina yana nan, ba za su ɓata abu da hannunsu kuma su ci riba ba. In kuwa gidan wanda ake tuhuma ya fara shiga, to na yaga shi. Na janye hannuna, a kai wa wasu alƙalai su faro daga farko."

"Ya Shaikh, in sun faro daga farko, za su iya..."

"Za su iya ganin abin da ban gani ba."

Sufeto ya fito. Alƙali bai faɗi abin da ya rubuta ba, amma ai ba sai an faɗa ba. Luƙman ya tsira a takarda, saura kwana ɗaya. Kuma shi, abokinsa, shi aka ɗora wa aikin da zai iya mayar da wuyansa ƙarƙashin takobi. Ya tsaya a bakin mota yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, Allah ya sa ta wajen masu ƙara ne.

Lauyar Luƙman, Asma, ba ta ɗauki lokaci ba. Tana asibitin haihuwa a Jidda, kuma na'urar kotu ta nuna ko buɗe daftarin ba ta yi ba. Sufeto ya yi hamdala a ransa, suka nufi Zahir.

Ofishin Ustaz Mahmudu, lauyan masu ƙara, yana saman wani kantin turare. Mutum ne mai tumbi da yawan fara'a, irin wanda yake yi maka sannu sau uku kafin ka zauna.

"Ka karanta daftarin?"

"Na karanta. Aikina ne."

"Ka yi magana da Hudaifa jiya?"

"Abadan. Rabona da shi tun zaman da ya wuce."

Sufeto ya miƙa hannu, Yunus ya ɗora masa wayar Hudaifa. Ya juya fuskarta ya nuna wa lauyan. Fara'ar ta zube nan take.

"Ɗayyib, ɗayyib, na yarda. Shi ya kira ni. Wallahil azim ban gaya masa komai ba. Ihu yake yi, wai da gaske ne za a saki wanda ya kashe ɗan'uwansa? Na ce masa ba zan iya magana ba, na kashe waya."

"To me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoro, ya Sufeto. Lasisina ne a kan layi. Ina da 'ya'ya."

Zuciyar Sufeto ta yi tsalle don murna. Ga maƙaryaci, ga kira, ga ɓangaren masu ƙara. Saura kaɗan ya ce a ɗaura masa ankwa. Sai Yunus, wanda Allah bai hore masa iya yin shiru ba, ya leƙo kan wayar.

"Yallaɓai, kiran bayan la'asar ne. Tsohuwar kuwa da azahar ta sha."

Sufeto ya kalle shi kamar ya shaƙe shi. Amma gaskiya yaron ya faɗa, kuma shi ma ya gani tun kafin a nuna masa. Hudaifa ya riga ya ji a gari kafin ya kira lauyansa. Ba daga nan ya fita ba.

Saura mutum ɗaya. A kan hanya Sufeto ya yi ta rage gudu har motocin baya suka fara yi masa ham.

Malam Awwal ɗan Katsina ne, yana karatun fiƙihu mai zurfi a jami'a. Siriri ne, mai tsantseni, irin mutumin da in ya tsinci dabino ɗaya a hanya sai ya nemi mai shi. Shi yake koya wa 'ya'yan Sufeto karatu. Kuma da kotu ta nemi tafinta mai amana, Sufeto ne da bakinsa ya ce ga wanda zai iya tsaya wa.

Sun same shi a ɗakinsa na ɗalibai, littattafai har kan katifa.

"Malam, ka gafarce ni, aiki ne ya kawo ni. Ka gaya wa wani abin da ke cikin daftarin?"

"Ban karanta wa kowa ko harafi ɗaya ba."

"Ka je Misfala jiya?"

Malam ya sunkuyar da kai yana gyara wani littafi da ba ya buƙatar gyara. "Jiya ina da darasi."

Sufeto ya ji amsar ba ta zauna ba. Ɗan sanda na kirki da ya sake tambaya. Shi bai sake ba, tsoron amsar yake yi. Ya miƙe da sauri ya yi sallama. A bakin ƙofa ya lura ɗakin da sanyin na'ura kamar firji, amma gumi yana bin gemun Malam.

Har yanzu akwai hanya ɗaya da ta rage, ita ya riƙe da hannu biyu. Wataƙila tsohuwar jikinta ne kawai ya gaza. In haka ne, babu wanda ya faɗi komai, Misfala ce ta ƙirƙiri labarinta kamar yadda ta saba.

Sun tarar da ita a barandar asibiti, a kan benci, carbi a hannu. An fito da Abdulwadud daga tiyata, likitoci sun ce zai tashi. Ta rame har Sufeto ya kusa kasa gane ta. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya saba tun yana yaro. Khala yake ce mata, wato inna.

"Sannu, Khala. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

"Khala, an ce jiya kin sha ruwa."

"Ciwo ne. Jiri ya ɗebe ni na faɗi. Ai Allah bai ce mutum ya kashe kansa ba."

"Ba wanda ya gaya miki komai game da Luƙman?"

"Wa zai gaya mini? Ni da ko fita ba na yi."

Ta ɗaga hannu ta gyara mayafi, sai ya ga tafin hannunta. Lalle ne, sabo fil, ja wur. Matar da ta rantse ba ita ba kwalliya tun da aka tafi da ɗanta. Mara lafiyar da ta faɗi don jiri ba ta tashi ta ƙunsa lalle. Ya kawar da idonsa da sauri, yana fatan Yunus bai gani ba.

Ya yanke shawarar ya tsaya a nan. Ta ce ciwo ne, ciwo zai rubuta. Khalas, shi ke nan. Har ya miƙe, sai tausayinta ya kama shi, ya tuna dawainiyar da ke gabanta. Kowa ya san wanda ya karya bakance don rashin lafiya sai ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Hajiya Khadijatu kuwa ba ta wasa da irin wannan.

"Khala, zancen kaffara kada ya dame ki. Zan aiko da buhun shinkafa yau, Jawahir matata ta dafa a raba a madadinki."

"A'a, ka bar shi, ɗan albarka. Babu kaffara a kaina. Malam ya ce babu."

Yunus da yake rubuta bayaninta, alƙalaminsa ya tsaya.

Wayyo, da ana mayar da magana ciki, da Sufeto ya mayar da tasa. Bakance ba ya sauka babu kaffara sai in abin da aka yi shi dominsa ya tabbata. Duk wanda ya ce mata babu, ya san an wanke Luƙman.

Tsohuwar ta dubi fuskarsa, ta dubi ta Yunus, ta gane ta yi ɓaranɓarama. Ta dafe bakinta da hannun lallen.

"Wane malam, Hajiya?" in ji Yunus a hankali.

"Na manta. Wani ne a rediyo. Abdulilah, ka ce masa ya daina rubutu!"

"Assalamu alaikum."

Su duka suka waiwaya. Malam Awwal ne tsaye da ledar lemo da ayaba, ya zo dubiya. Ya ji komai.

"Hajiya, kada ki yi ƙarya saboda ni," in ji shi. "Wadda ni na yi ɗazu ta isa."

Sufeto ya ja shi gefe, kusa da taga.

"Malam, ka je Misfala jiya?"

"Na je. Bayan darasi."

"Me ya kai ka?"

"Gaisuwa. Na saba leƙa ta. Na same ta a ƙasa, a tsakar ɗaki. Leɓɓanta sun tsage, idonta ya juye, ba ta ma gane ni ba da farko. Na ɗebo ruwa ta ture. Na ce Hajiya, shari'a ta ba ki uzuri, ki sha. Ta ce ko mutuwa za ta yi sai dai ta mutu a kan alkawarinta. Ni kuma, Sufeto, na kwana ina fassara takardar nan. Na san abin da take azumi dominsa ya riga ya samu. Ina kallon mace za ta mutu a kan abin da aka riga aka ba ta."

"Sai ka gaya mata."

"Ban gaya mata ba. Na yi ta lallashi har ta yarda za ta sha don ciwo. Kofin yana bakinta sai ta tsaya. Ta ce, Malam, miskinai nawa zan ciyar?"

Hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Me ya hana ka ce goma?" Sufeto ya faɗa da ƙarfin da ya sa wata nas ta waiwayo. "Goma kawai, Malam! Ta dafa shinkafarta ta raba, kowa ya ce ciwo ne ya kayar da ita. Da ba wanda ya sani!"

"Na yi tunanin haka. Wallahi na yi. Amma fatawa ta tambaye ni. Bakancenta shi ne sai alƙali ya wanke shi, kuma alƙali ya wanke shi, da idona na gani. In na ce akwai kaffara, na ɗora mata abin da Allah bai ɗora mata ba, ina sane. Harshena ya ƙi. Na ce, babu komai a kanki, Hajiya." Ya goge fuska da hannun riga. "Ta kalle ni. Sai ta yi sujada. Daga nan ta ɗauki kofin ta fita da shi bakin ƙofa. Na san na kashe kaina tun a lokacin."

"Ba kanka kaɗai ba. Ka san abin da alƙali zai yi?"

"Na sani. Tun da na ji an sari Abdulwadud na san haka za a yi."

Sufeto ya kalli Yunus. Ya kalli tsohuwar da ta taso tana dafa bango. Ya yi tunanin ya ce bai ji komai ba, ya roƙi sajan ɗinsa, ya yi masa barazana in ta kama. Amma Malam ya riga ya ajiye ledar lemon a kan benci ya miƙo hannayensa biyu.

"Ka kai ni, Sufeto. In alƙali ya tambaye ni zan faɗa masa. Ka san ba zan iya ba."

"Ku bar shi!" Hajiya Khadijatu ta riƙe rigar Sufeto. "Ni na sha, ni na fita waje! Ku kama ni! Abdulilah, nonona ka kusa sha, ka dubi Allah!"

Bai iya kallon ta ba. Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali, ya ce wa Yunus kada ya sa ankwa.

Washegari kotu ta cika maƙil. Alƙali bai ɗauki lokaci ba. Ya ce an keta amanar daftarin hukunci, kuma gidan wanda ake tuhuma ya fara shiga. Ya soke shi, ya janye daga shari'ar, za a miƙa ta ga wasu alƙalai. Tafinta kuma zai fuskanci tuhumar tona asirin kotu. In an gama da shi, karatunsa ya ƙare, za a mayar da shi ƙasarsu.

Luƙman yana tsaye cikin kayan kurkuku, ba wanda ya gaya masa komai tukuna. Ya waiwayo yana neman fuskar abokinsa.

"Abdulilah, me ake nufi? An ce yau zan ji."

Masu gadi suka ja Luƙman ta ƙofar baya, yana ta waiwaye har aka rufe.

Da kansa ya rako Malam Awwal zuwa mota. Rana ta take, kwalta har tana walƙiya. A bakin ƙofar kotu suka ga Hajiya Khadijatu zaune a kan dakali, ita kaɗai, babu ko inuwa. Ta kankare lallen har tafin hannunta ya yi jini-jini. Leɓɓanta sun fara bushewa.

Malam ya tsaya. "Hajiya, ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba, Malam. Allah ya fid da kai."

Yunus ya shigar da shi ya rufe ƙofa. Sufeto ya ɗauko robar ruwa mai sanyi daga mota, ya buɗe, ya durƙusa ya miƙa mata.

"Khala, don Allah. Sabuwar shari'a za ta iya kai shekara. Jikinki ba zai ɗauka ba."

Ta dubi ruwan, ta dubi motar da Malam yake leƙowa ta taga. Sai ta sa bayan hannu ta ture robar a hankali.

"Mayar da shi, ɗan nan," in ji ta. "Da niyya na kwana."